Darasi: Sabuwar Jif Mai Yawan Shan Mai, Ta Ina Za A Fara Bincike?

Daga cikin koke-koken da suka yawaita a bakin 'yan kasuwa da shugabannin kamfanoni tun bayan janye tallafin man fetur, akwai na mutumin da ya zuba miliyoyin Naira ya sayi mota ƙirar jif, sabuwa fil ko kuwa wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu a kan titi ba, sa'an nan ya tarar tana zuƙar mai kamar tsohuwar tifa. Dillali ya ce masa lita ɗaya za ta kai shi kilomita 10, takardar kamfani ma haka ta nuna, amma abin da shi ya gani da idonsa shi ne cikakken tanki ba ya kai shi ƙarshen mako. Abin da kan biyo baya kuwa sananne ne: a garzaya gareji, a sauya fulogi, a wanke injekta, a tuttula wani ruwan kwalba a cikin tanki, a biya kuɗi, a komo gida da matsalar yadda take.

Darasinmu na wannan karo zai nuna cewa al'amarin na lissafi ne tun kafin ya zama na bakanike. Wanda bai auna abin da motarsa ke sha ba, ba shi da hujjar cewa tana da ciwo, balle ya san maganin da zai saya mata.

Bari mu fara da abin da ya sa zancen ya cancanci shiga shafin tattalin arziki. Kafin ran 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafi, farashin hukuma na litar fetur bai kai Naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki kamfanin NNPC ya mai da shi Naira 488 a Legas da Naira 537 a Abuja, ya zuwa watan Oktoba na 2024 kuwa lita ta kai Naira 1,030 a gidajen mansa na Abuja. Tun daga lokacin farashin ke hawa da sauka, saboda haka don sauƙin lissafi za mu ɗauki Naira 1,000. A ƙaddara jif tana tafiyar kilomita 1,500 a wata. In tana ba da kilomita 10 a lita kamar yadda takarda ta ce, za ta sha lita 150. In kuwa kilomita 6 take bayarwa, za ta sha lita 250. Bambancin lita 100 ke nan, watau Naira 100,000 a wata, ko Naira miliyan 1 da dubu 200 a shekara. A zamanin Naira 185 wannan giɓi bai wuce Naira 18,500 a wata ba, shi ya sa ba wanda ya damu ya duba. Yau kuwa ya fi mafi ƙarancin albashin ma'aikaci, wanda dokar 2024 ta tsayar a kan Naira 70,000.

Hanyar awo ɗaya ce, ba ta kuwa bukatar wata na'ura. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kada a bar mai sayarwa ya yi ta ɗurawa bayan haka. A rubuta lambar da agogon kilomita ke nunawa. A ci gaba da harkoki yadda aka saba, in tanki ya yi ƙasa a koma gidan man nan, in da hali ma famfon nan, a sake cikawa kamar da. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta ƙona. A raba nisan da aka yi da wannan adadi. Alal misali, in an yi kilomita 420 aka zuba lita 60, motar na ba da kilomita 7 a lita, ko kuwa a ce tana shan lita 14.3 a kowane kilomita 100. Awo ɗaya ba ya wadatarwa, sai an maimaita sau uku ko huɗu an ɗauki matsakaici. Allurar mai ba abin dogaro ba ce, domin siffar tanki kan sa ta daɗe a sama sa'an nan ta rufto ƙasa da sauri, mai sayen man Naira 20,000 yau da na 15,000 jibi kuwa ba zai taɓa sanin gaskiyar lamarin ba. Hatta adadin da kwamfutar mota ke nunawa a gaban direba kan ɗan yi wa motar kara.

A nan akwai wani rami da ke rufta da mutane da yawa. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, ba da kilomita ba, mil ɗaya kuwa kilomita 1.609 ne. Mai irin wannan mota zai ga agogo ya nuna 260, ya raba da lita 60, ya samu 4.3, hankalinsa ya tashi, alhali tafiyar da ya yi kilomita 418 ce, motarsa kuwa kilomita 7 take ba shi. Haka nan in takarda ta ce mil 30 a galan, sai an tambaya galan ɗin wa. Na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila kuwa lita 4.546. Mil 30 a galan ɗin Amurka daidai yake da kilomita 12.8 a lita, a na Ingila kuwa kilomita 10.6. Ko ɗaya daga cikinsu ba shi ne galan ɗin 'yan bumburutu ba. Wanda kuma ya cire tayoyin da mota ta zo da su ya sa manya don ado, ya sani ya yi hasara biyu: manyan tayoyi sun fi nauyi da jan mai, sa'an nan suna sa agogo ya ƙirga ƙasa da ainihin nisan da aka yi.

To, a ce an yi awo daidai, an tabbatar motar kilomita 6 take bayarwa, takarda kuwa ta ce 10. Tambaya ta gaba ita ce, daga ina wannan 10 ɗin ya fito?

Ba a kan titi ake samo shi ba. A ɗakin gwaji ake ɗora mota bisa wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, direba ya bi tsarin gudu da tsayawa da aka shata masa, a auna hayaƙin da ya fita. Tsohon tsarin Turai, wanda ake kira NEDC, tafiyar kilomita 11 ce cikin minti 20, da tashi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata cibiyar bincike mai suna ICCT ta nuna cewa giɓin da ke tsakanin sakamakon wannan gwaji da abin da masu motoci ke samu a zahiri ya tashi daga kimanin kashi 9 cikin ɗari a 2001 zuwa kimanin kashi 42 a 2015. Ganin haka Turai ta sauya zuwa tsarin WLTP daga watan Satumba na 2017, wanda ke ɗaukar minti 30, da nisan kilomita 23, da matsakaicin gudu na kilomita 46.5 a awa. Ya fi na da kusa da gaskiya, amma shi ma a yanayi mai digiri 23 ake yin sa, iyakwandishan a kashe, ba rami, ba ƙura, ba cunkoso. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto bisa alƙaluman da aka tattaro daga cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, inda ta tarar masu amfani da fetur da dizal na shan mai da kusan kashi 20 cikin ɗari fiye da abin da sabon gwajin ya nuna. Wannan fa a titunan Jamus da Faransa ke nan. Mai karatu sai ya kwatanta da hanyar Apapa, ko mashigar Nyanya da Mararaba da ƙarfe bakwai na safe.

Ba kuma kullum takardar ke da gaskiya ko a kan ma'auninta ba. A watan Nuwamba na 2012 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta gano kamfanonin Hyundai da Kia sun zuzuta alƙaluman shan mai na motoci kimanin 900,000, ciki har da jif irin su Santa Fe da Sorento, a 2014 kuma suka amince su biya tarar Dala miliyan 100. A watan Afrilu na 2016 kamfanin Mitsubishi na Japan ya amsa cewa ya yi coge a gwajin ƙananan motoci 625,000, abin da ya ci kujerar shugabansa. Saboda haka amfanin adadin takarda shi ne kwatanta mota da mota a ranar saye. Wanda ya ɗauke shi a matsayin alkawari ya gina kasafin kuɗinsa a kan rairayi. A ganin wannan marubuci, ɗan kasuwa mai hangen nesa zai zabtare kashi ɗaya cikin huɗu daga duk abin da takarda ta faɗa kafin ya sa shi a lissafi, in kuwa a Legas motar za ta zauna, ya zabtare fiye da haka.

Ita kanta jif, Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Manyan cikinsu sun haura tan biyu, duk lokacin da aka taka birki aka sake tashi kuwa, wannan nauyi ake sake turawa da mai. A babbar hanya kuma faɗin ƙirjinta ne ke karo da iska. Ƙarfin da iska ke tokare mota da shi yana ƙaruwa ne ninki bisa ninki: a gudun kilomita 120 ya ninka na gudun kilomita 80 sau biyu da kwata. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin ganganci, watau figar mota da take birki da ƙarfi, kan rage abin da lita ke bayarwa da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cikin cunkoso. Ta kuma ce a tsananin zafi iyakwandishan kaɗai na iya cinye fiye da kashi 25, musamman a gajeruwar tafiya. Tafiyar kai yara makaranta ko zuwa banki, wadda ba ta wuce kilomita uku ko huɗu ba, ita ce mafi tsada ga kowane kilomita, domin injin bai gama ɗumi ba ake kashe shi, injin mai sanyi kuwa ƙarin mai ake ba shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban ɓarawon da ba a kula da shi a motocin manyan mutane shi ne zaman jira. Alhaji ya shiga taro ko ya tsaya cinikin kaya, direba na waje cikin mota, injin na aiki, iyakwandishan na busawa, agogon kilomita kuwa ko motsi bai yi ba. Ma'aikatar da muka ambata ta ce mota a tsaye da injin a kunne kan ƙona kwata zuwa rabin galan a awa, watau kusan lita 1 zuwa 2, gwargwadon girman injin da aikin iyakwandishan. Mu ɗauki lita ɗaya da rabi. Awa biyu a rana, kwana 22 na aiki a wata, lita 66 ke nan. Mai karatu zai tuna cewa giɓin da muka fara da shi lita 100 ne. Ashe kashi biyu cikin ukunsa na iya tafiya a ƙofar ofis ba tare da wani ƙarfe ya lalace a jikin motar ba. Yawancin motocin zamani na nuna matsakaicin gudun tafiya a gaban direba. In ya nuna kilomita 15 ko 18 a awa, alhali gwajin kamfani a 46.5 aka yi shi, an samu rabin amsa.

Akwai gwaji guda da ke raba gardama tsakanin laifin mota da laifin yadda ake amfani da ita. A cika tanki a bakin babbar hanya, a yi tafiya mai nisa da gudu ɗaya, tsakanin kilomita 80 da 90 a awa, a lokacin da hanya ba cunkoso, kamar daga Legas zuwa Ibadan, wadda kilomita 127 ce, ko daga Abuja zuwa Kaduna, a sake cikawa da isa. Ya fi kyau mai motar ya kasance a ciki. In sakamakon ya kusanci abin da takarda ta faɗa, motar lafiyarta ƙalau, kada a bari kowa ya sa mata sifana. In kuwa a nan ma ta gaza da kashi 30 ko fiye, to ruwa ba ya tsami banza. Sai dai a yi wa sabuwa fil uzuri kaɗan, domin injin ba ya sakin jiki sosai sai ya yi kilomita 5,000 zuwa 8,000, ko da yake bambancin da wannan ke kawowa ƙalilan ne, dillali ba zai iya fakewa da shi ya kare giɓin kashi 40 ba.

Idan bincike ya koma kan motar, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Iskar taya a auna ta da safe kafin a fita, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya ga dama ba. Ƙarancin iska kan ci har kashi 3 cikin ɗari. A taɓa kusa da kowace ƙafa bayan tafiya, wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa. A duba ko an bar motar a giyar da ke jan ƙafa huɗu, ko a tsarin tsere, ba da sani ba. A sauke kayan da ke kwana a but, a cire akwatin saman rufi in ba tafiya za a yi ba. Baƙin mai mai kauri fiye da wanda littafin mota ya faɗa, wanda kanikawa ke son zubawa wai don zafin ƙasarmu, kan ƙara kashi 1 zuwa 2. Game da filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, wani bincike da aka yi a Amurka a 2009 ya nuna cewa a motar zamani toshewarta ƙarfin tashi take ragewa, ba ta cika ƙara shan mai ba, domin kwamfuta na rage mai daidai da iskar da ta samu. A sauya ta don lafiyar injin, amma kada a sa ran mu'ujiza.

Manyan laifuffuka biyu ne, dukansu kuwa sun shafi abin da kwamfutar mota ke ji. Injin fetur na bukatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kowane kashi ɗaya na mai, bisa nauyi, na'urar da ke tsare wannan ma'auni kuwa ita ce mai shinshinar iskar oksijin a cikin bututun hayaƙi. In ta mutu, kwamfuta kan koma zuba mai da ka, hasarar kuwa na iya kaiwa kashi 40 cikin ɗari. A motocin da suka biyo ta tashar jiragen ruwa ko ta Kwatano, ba sabon abu ba ne a tarar an fasa matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, an kwashe cikinta saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki, an lalata na'urorin da ke kusa da ita, sa'an nan an kashe fitilar gargaɗi don kada mai saye ya gani. Na biyu shi ne al'adar cire tamostat da haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai don kada injin ya yi zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka hana shi kaiwa nan, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ba shi abincin mai sanyi yini guda. Duka biyun na'urar binciken kwamfuta na fallasa su cikin 'yan mintoci, kuɗin binciken kuwa bai kai na tanki guda ba. Wannan bincike kan kuma tona asirin motar da aka sayar da sunan sabuwa alhali an mai da agogonta baya.

Sauran hasarar ba a cikin injin take ba. In famfon gidan mai na tauye mudu, ya rubuta lita 60 alhali 54 ya zuba, lissafi zai nuna motar ta ƙara shan kashi 11 cikin ɗari ba ta ji ba ta gani ba. Maganinsa a maimaita awo a wani gidan man dabam. Hukumar NMDPRA, wadda ta gaji DPR bayan dokar man fetur ta 2021, ita ke da alhakin rufe irin waɗannan famfuna. Ingancin man ma abin lura ne, ba a manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 ba. Sa'an nan akwai zancen da ba a son faɗa, na direban da ke kawo rasit na lita 50 bayan ya sayi 40. Kada a yi gaggawar zargin bawan Allah, domin sau da yawa famfo ne ko zaman jiran da maigidan da kansa ya sa shi. Littafi guda a cikin mota, mai ɗauke da kwanan wata da lambar agogo da lita da sunan gidan mai, yana kare direban kirki kamar yadda yake kama na banza.

Wanda ya sayi motarsa daga dillalin da kamfani ya amince da shi, ya tuna akwai garanti a kanta, akasari na shekara uku ko kilomita 100,000, wasu ma fiye. Barin bakaniken bakin titi ya buɗe injin ko ya yanke waya na iya soke shi. A kai ta wurinsu da rubutaccen koke, haɗe da awo uku ko huɗu da sakamakon gwajin babbar hanya, a karɓi takardar shaidar abin da suka duba. Dillali na iya watsi da maganar "tana shan mai", amma da wuya ya yi watsi da alƙaluma masu kwanan wata. In abin ya faskara, akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa.

Ga kamfanin da ke da motoci da yawa, akwai wata dabara ta lissafi da ta kamata akanta ya sani. Ƙirga kilomita a lita na ruɗin ido. Ɗaga ƙaramar mota daga kilomita 12 zuwa 15 a lita ya fi kama da babban ci gaba, amma a tafiyar kilomita 1,000 lita 17 kacal ya rage. Ɗaga jif daga kilomita 5 zuwa 6 kuwa, ƙarin ɗaya tak, lita 33 yake ragewa a wannan nisa, kusan ninki biyu. Saboda haka a riƙa rubuta lita nawa kowace mota ke sha a kilomita 100, a ninka da farashin ranar, a jera su daga mafi ci zuwa mafi ƙanƙanta. Kuɗin bincike da gyara a fara kashe shi a kan ta saman jerin, ko da kuwa ita ce mafi sabunta a harabar kamfanin, ita ce kuma wadda manajan darakta ke hawa.